Haɗin Gwiwar Gina Gidaje: Tsakanin Ƙirali da Riba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a garuruwanmu irin su Kano da Kaduna da Abuja ya zama ruwan dare mai dukiya ya miƙa kuɗi ga wanda ya san harkar filaye, shi kuwa ya sayi fili, ya gina, ya sayar, a raba abin da aka samu. Asalin wannan mu'amala halal ne. Ita ce malaman Malikiyya suke kira ƙirali, wasu kuma mudaraba. Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (RA) ya mayar da kasuwancin da 'ya'yansa Abdullahi da Ubaidullahi suka yi da kuɗin baitulmali ƙirali: ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba, ya bar musu rabi.

Abin takaici shi ne yadda da yawanmu muke ƙulla ta. Mai dukiya ya ba da naira miliyan 50, ya ce bayan shekara a dawo masa da miliyan 65, ko gidan ya sayu ko bai sayu ba. To, mu sani, wannan bashi ne da ya jawo ƙari, kuma sunansa riba, ko da an yi masa laƙabi da haɗin gwiwa.

Ƙa'idojin shari'a a nan bayyanannu ne. Na farko, rabon kowa a ambace shi da kaso tun ranar ƙulla yarjejeniya: rabi, ko sulusi, ko kashi 60 da kashi 40 cikin ɗari na ribar da aka samu. Na biyu, idan hasara ta auku ba tare da sakaci ko ha'inci ba, tana kan mai dukiya. Mai aiki ya riga ya yi hasarar guminsa, bai halatta a ɗora masa lamunin uwar kuɗi ba. Amma idan ya saɓa sharaɗi, ko ya sayi filin da ya san ana rigima a kansa, shi zai biya. Na uku, a mazhabar Malikiyya jarin ƙirali tsabar kuɗi ne. Saboda haka idan ɗaya fili ya kawo, sai a yi wa filin ƙima a ƙulla tarayya, kowa ya ci riba ya ɗauki hasara gwargwadon jarinsa.

Sannan a rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A fayyace sunan wa zai hau takardar mallaka, musamman da yake Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili a birni. A fayyace wa ke da ikon sayarwa, da abin da za a yi idan ɗayansu ya rasu gini bai ƙare ba. Idan kunya ta hana mu rubutu yau, marayunmu ne za su tsaya gaban alƙali gobe ba su da hujja.

Muna kira ga 'yan'uwa da su kai yarjejeniyarsu gaban malami masanin fiƙihun mu'amala da kuma lauya kafin a tona tushen gini.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya tsare mu daga cin haram. Amin.