Gonakin inabin Cape: Ana yabon farar giya, ana mance waɗanda suka tsinko inabin

A garuruwan Stellenbosch da Franschhoek, tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga Cape Town, akwai sana'ar da ke jan ɗimbin baƙi duk shekara: zama a gonar inabi a ɗanɗana giya. Galibin masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, addini ya hana. Amma kamfanonin yawon buɗe ido da ke kai mutane Afirka ta Kudu da wuya su bar wannan ziyara daga jerin wurarensu, don haka ya dace a san abin da ake yi a can, da abin da ake tsallakewa.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana jera wa baƙo kofunan gilashi, a ɗiga kaɗan a kowanne. Zai duba launi, ya jujjuya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, sau da yawa ya tofar a wani bokiti da aka ajiye don haka. Farar giya ita ce wadda ake matse inabi a cire ɓawon kafin ruwan ya tsumu, kuma da sanyinta ake ba da ita. Ana farawa da marar nauyi, a ƙare da mai zaƙi.

Sai batun haɗa ta da abinci, inda gonakin ke nuna gwaninta. Sauvignon Blanc mai tsami-tsami ana ba da ita da kifi ko cukun akuya, kamar yadda ake matsa lemon tsami a gasasshen kifi. Chardonnay da ta daɗe a gangar katako tana tafiya da kaza mai romon madara. Chenin Blanc kuwa, wadda Afirka ta Kudu ta fi kowace ƙasa noma irin inabinta, ana yawan haɗa mai ɗan zaƙinta da abinci mai yaji, saboda zaƙi na kwantar da zafin barkono. Misalin da aka fi bayarwa shi ne bobotie, niƙaƙƙen nama da kori da ake gasawa da ƙwai da madara a samansa.

A nan ne labarin ke da ƙura. Bobotie na cikin girkin da aka san Musulmin Cape da shi, waɗanda da yawansu jikokin bayi ne da fursunonin siyasa da Turawan Holan suka kwaso daga Indonesiya da Indiya da Madagaska. An fara matse inabi a Cape a 1659, zamanin Jan van Riebeeck, kuma Simon van der Stel ya kafa gonar Constantia a 1685. Bayi ne suka yi shuka, suka yi tsinka, suka yi matsa, har aka soke bauta a 1834. Wato tarihin abin da ke cikin faranti da na abin da ke cikin kofi daga wahala ɗaya suka fito.

Soke bauta bai kawo ƙarshen zaluncin ba. An ci gaba da tsarin da ake kira dop, inda mai gona ke biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya marar kyau, sau da dama a rana. Wanda ya kamu da shaye-shaye ba ya iya barin gonar, ba ya kuma iya neman ƙari. An haramta tsarin tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, sai da dokar giya ta 2003 ta sake jaddada haramcin. Tabon yana nan: binciken likitoci a yankin ya gano cewa yawan yaran da ake haifa da lahani saboda shan giyar uwa lokacin goyon ciki na cikin mafi muni da aka taɓa gani a duniya.

Albashi ma ya daɗe yana ta da jijiyar wuya. A 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan munanan gidaje da korar ma'aikata daga gonakin inabi da 'ya'yan itatuwa na yankin. A ƙarshen 2012 leburori suka fara yajin aiki a De Doorns, inda aka fi noman inabin ci, ya bazu zuwa wasu garuruwa, har gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105 a 2013.

Ba a taru aka zama ɗaya ba. Gonar Solms-Delta a Franschhoek ta buɗe gidan tarihi kan bayin da suka yi mata aiki, ta kuma bai wa ma'aikata kaso, duk da daga baya ta shiga matsalar kuɗi. Akwai kuma ƙungiyar WIETA da ke duba yanayin aiki ta ba da tambari. Matsalar ita ce irin wannan bayani ba ya cikin abin da dole a gaya wa baƙo.

Ma'aikacin da zai iya bayyana irin ƙasar da inabi ya tsiro a kai, da gefen dutsen da rana ta fi bugawa, da watannin da giya ta yi a ganga, ba shi da hujjar yin shiru kan wanda ya tsinko shi da nawa aka biya shi. Ya kamata hukumomin yawon buɗe ido na Afirka ta Kudu su sa wannan a sharuɗɗan gonakin da suke tallatawa. Baƙon da ya je don kallon duwatsu da cin abinci kawai, yana shan ruwan inabi zalla, shi ma kuɗinsa na shiga aljihun mai gonar, kuma yana da damar tambaya ko gonar na da tambarin WIETA kafin ya biya kuɗin shiga.