Zare: Kar ka jefar da wilin asali saboda jan kalifa

1/ Samari masu son tsofaffin motocin gudu, ku matso mu yi magana ta gaskiya. Na gaji da ganin an samu mota mai tarihi, an cire mata wilin da ta zo da shi, an dasa mata ƙaton wili inci 17 ko 18, wai don babban birki ya samu wurin shiga. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Matsayina a taƙaice: da yawa daga motocin nan ana iya ƙara musu ƙarfin birki a bayan wilinsu na asali. Awo ake buƙata da lissafi. Wanda ya ce maka dole sai ka canja wili, ko dai bai auna ba, ko kuma wilin yake son sayar maka.

3/ Bari in ɗauki mota ɗaya mu bi ta dalla-dalla. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, mai fitilun gaba da ke buɗewa kamar ido. A Hiroshima ta Japan aka ƙera ta, a Amurka Miata suke ce mata. Kujera biyu, nauyinta bai cika tan ɗaya ba, wilinta inci 14.

4/ Mai injin 1.6 ta zo da faifan birki milimita 235 a gaba, 231 a baya. Da aka fito da mai injin 1.8 wajen 1994, kamfanin da kansa ya ƙara girman faifan: 255 a gaba, 251 a baya. Wili fa? Yana nan a inci 14. Ku riƙe wannan da kyau.

5/ Ma'ana injiniyoyin da suka zana motar sun ƙara milimita 20 a faifai ba tare da sun ƙara girman wili ba. Kalifa ma, wato abin da ke matse fad a jikin faifai, ita ce dai. Biraket ɗin da ke riƙe ta aka canja, sai faifai da fad. Mai 1.6 na iya ɗaukar waɗannan ukun ya ɗaura wa tasa.

6/ Me milimita 20 ke yi? Ka taɓa ƙara wa sifana faif don kwance noti mai taurin kai? Shi ne nan. Fad ya ƙara nisa daga tsakiyar taya, ƙarfin riƙonsa ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100, ga kuma ƙarin ƙarfe da zai shanye zafi. Daga waje ba wanda zai gane an taɓa komai.

7/ Yanzu ga inda za mu ɓata da wasu. Babban birki ba ya rage nisan da za ka tsaya a taku ɗaya na gaggawa. Eh, na faɗa. In birkinka na yanzu yana iya kulle taya ta yi ƙara a kwalta, ko ya tada ABS, to ya riga ya fi ƙarfin tayar. Birki yana tsayar da wili ne. Taya ke tsayar da mota.

8/ Ga lissafi irin na aji ɗaya a jami'a. Kana gudun kilomita 100 a awa. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta, ka tsaya cikin kusan mita 40. In riƙon taya ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, mita 49. In ya ragu da rabi, kamar a jiƙaƙƙen titi ko mai yashi, kusan mita 80. Girman kalifa bai shigo lissafin ba ko sau ɗaya.

9/ Shi ya sa abin ke ba ni haushi in ga gaye ya zuba kuɗi a kalifa mai fistan shida, sannan ya je ya sayi tayar tokunbo da ta bushe ta tsattsage. Haba oga! Duba gefen tayarka, akwai lamba huɗu. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014. Wannan tayar ta gama aikinta, komai kyan zanenta.

10/ To in haka ne, meye amfanin babban birki? Zafi. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai kilo 1,000 a gudun 100, in ka tsayar da ita, zafin da ke shiga faifai ya isa ya kai sama da lita ɗaya na ruwa ga tafasa, cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu.

11/ Kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Daga 100 zuwa 140 kusan ninkawa yake. Taku ɗaya, ƙaramin faifai zai jure. Taku goma a jere a filin tsere, ko doguwar gangara irin ta Hawan Kibo kana kan birki, nan ne fad ke ƙonewa, mai ya tafasa, birki ya nutse har ƙasa.

12/ Saboda haka tambayar farko kafin ka sayi komai: birkina yana shanyewa in ya ɗau zafi? In a'a, ba ka da matsalar da babban faifai zai warware. In eh, to fara da abubuwa masu arha, don sau da yawa a nan cutar take.

13/ Na ɗaya, man birki. Yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'auninsa ya sauko 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Yaushe rabon da a juye na motarka gaba ɗaya? Ciko ba canji ba ne. Duk shekara biyu ake so.

14/ Na biyu, fad mai jure zafi, na gaske, ba na bogi mai kyan kwali ba. Na uku, tiyon roba da ya shekara talatin yana kumbura in ka taka, a canja shi. Na huɗu, sandunan da kalifa ke zamewa a kai, a wanke a sa giris. Duk wannan a bayan wilin asali yake, ko milimita ɗaya ba ka ci ba.

15/ Ka yi duk wannan kuma har yanzu zafi na cin ka, ko ka ƙara wa inji turbo? To yanzu ka cancanci maganar babban faifai. Sai a auna. Inci 14 milimita 356 ne, amma wannan inda taya ke zama ne. Cikin wili ya fi haka ƙunci, akwai kwarin da ake bi a saka taya, ga kaurin ƙarfen kansa.

16/ Wuri biyu kalifa ke gogar wili: samanta da cikin gangar wili, sai fuskarta da bayan ƙafafun wili. Shi ya sa wili biyu duk inci 14, ɗaya ya shiga ɗaya ya ƙi. Lambar inci kaɗai ba ta gaya maka komai. Siffar wilin ce ke yanke hukunci.

17/ Masu ƙera birki na gaskiya suna fitar da zanen kalifarsu a takarda. Ka buga shi daidai girmansa, ka manna a kwali, ka yanke, ka zura cikin wilinka. Ka nemi ratar milimita 3 ko fiye ta kowane ɓangare, don ƙarfe na buɗewa da zafi, wili kuma na ɗan lanƙwasa a kwana. Kwali da almakashi, kafin ka tura ko sisi.

18/ Kar ka manta da dalmar balansin da ake mannawa a cikin wili, tana iya cin ratar nan duka. Ka gwada safaya ita ma. Abin takaici ne taya ta fashe maka da dare a hanya, ka ciro safaya ta ƙi shiga kan sabon birkinka.

19/ In ta ƙi shiga fa? Nan ake ganin ta'asa kala biyu. Ta farko, a ɗauko injin gurza a rage bayan kalifa da ido. Malam, matsin mai a cikin kalifa yakan kai bar 70 ko fiye in ka taka da ƙarfi. Iskar tayarka bar 2 ce da ɗoriya. Ka san kaurin da ya rage bayan gurzar? Shi ma mai gurzar bai sani ba.

20/ Ta biyu, a cusa sifesa mai kauri a bayan wili a bar kusoshin yadda suke. Kusar MX-5 milimita 12 ce, zarenta 1.5. Ana so noti ya kama aƙalla milimita 12, wato juyi takwas. Ka sa sifesa noti ya koma juyi huɗu, wallahi rayuwarka ce ka rataya a juyi huɗun nan.

21/ Sifesa siririya da ta zauna daidai a kan hob, tare da dogayen kusoshi, wannan aiki ne na hankali, ba ni da faɗa da shi. Faɗana da wanda zai ce "ai ya kama, tafi kawai". Kalmar nan ta "tafi kawai" ta raba mutane da motocinsu da yawa.

22/ Saura maganar da kusan ba a yi: rabon aiki tsakanin gaba da baya. In ka taka birki nauyi na komawa gaba, shi ya sa gaba ke yin kaso mafi tsoka. Amma baya ma da nasa rabon. Ka ƙara wa gaba ƙarfi sosai ka bar baya, gaba za ta kulle tun baya ba ta fara aiki ba. Nisan tsayawarka ya ƙaru.

23/ Ka ji fa. Ka biya kuɗi, birki ya yi girma, mota ta ƙara nisan tsayawa. In kuma baya ka fifita, ta kulle kafin gaba, motar ta juya da kai ka fuskanci inda ka fito. Ku lura Mazda gaba da baya ta ƙara wa milimita 20 tare. Ba don ado ta yi haka ba.

24/ Masu Datsun 240Z, motar da ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, sun san wannan. Sun daɗe suna ɗaura mata kalifa mai fistan huɗu ta tsohuwar a-kori-kurar Toyota, tana shiga a bayan wili inci 14 da yawa. Amma bayanta ganga ce, kuma ƙarin fistan na shan ƙarin mai, birki ya ƙara nutsewa. Dole a duba masta da baya tare.

25/ Yanzu ga masu cewa "motata ce, kuɗina ne, babban wili ya fi kyau". Na ji, ido naka ne. Amma ka san abin da ka bayar? Wilin asali na MX-5 na aluminiyam bai kai kilo 6 ba. Na inci 17 mai arha sau da yawa ya kai 9 ko 10. Ninka bambancin sau huɗu, a mota mai ƙaramin inji.

26/ Wannan nauyin ba irin na buhu a but ba ne. Juyawa yake, kuma yana ƙasa da sifirin. Inji na wahalar juya shi, birki na wahalar tsayar da shi, shokazoba na wahalar danne shi a gargada. Ga siririyar taya da ba ta da gefen da zai kare wili, rami ɗaya ya lanƙwashe. Ka ƙara wa birkin aikin da ka ce kana rage masa.

27/ Kuma wilin asali wani ɓangare ne na fuskar mota. Porsche 911 ta da can da wilin Fuchs ake gane ta tun daga nesa. Masu tara tsofaffin motoci na duba wilin asali kafin su taya. Ka sayar da naka a banza yau, ranar da za ka neme shi sai ka gane kurenka.

28/ Su kuma masu manna jan murfin roba a kan ƙaramar kalifa da sunan babban kamfani, ɗan Allah ku bari. Yana tare iskar da ke sanyaya birki, in ya ɓalle kuma cikin wili zai faɗa. Haka faifai mai huji-huji na arha, tsagewa yake daga huji zuwa huji in ya sha zafi. Kyan ɗan maciji.

29/ Ba na tare da masu cewa kar a taɓa tsohuwar mota ko kaɗan. Birkin 1989 an yi shi ne don taya da ƙarfin injin 1989. Ka canja waɗannan, dole birki ya biyo. Kuma akwai iyaka: faifai 270 da Mazda ta kawo a 2001 yawanci sai wili inci 15. In da gaske aikinka ya kai can, ƙara inci ɗaya. Ɗaya na ce, ba huɗu ba.

30/ Masu tsofaffin BMW da Benz 190 a Kano, Kaduna da Abuja, lambobinku daban amma ka'idar ɗaya ce. Ku fara duba ko kamfanin ya yi babban birki a wata 'yar gidan motar mai babban inji. Kayan gida ɗaya sun fi saurin zama daidai, kuma in fad ya ƙare ba sai ka jira jirgi ba.

31/ Bayan an ɗaura, kar ka hau babban titi kai tsaye. Nemi fili da ba kowa. Taka daga 80 zuwa 20 sau takwas zuwa goma ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya a hankali ya huce, don fad ya zauna a faifai. Cire wili ka duba ko akwai alamar guga. Sake ɗaure noti bayan tafiyar farko.

32/ Jerin kenan: taya, man birki, fad, tiyo, sannan faifai, gaba da baya tare, da kwalin awo a hannu. Wili na ƙarshe, in ma an zo kansa. Ranar da yaro ya faɗo titi a gabanka, mita biyar ɗin da suka rage tsakaninku daga waɗannan za su fito. Mai ja da ni ya zo da awonsa, ina nan.