Jarumta ko ganganci? Muhawarar da ta ƙi ƙarewa kan dauriyar 'yan wasan NBA

A daren 22 ga watan Yunin 2025, ana cikin kashin farko na wasa na bakwai kuma na ƙarshe na neman kofin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, Tyrese Haliburton ya yunƙura zai wuce mai tsaronsa, sai ya faɗi ƙasa yana dukan daɓe da hannu.

Jijiyar agararsa ta ƙafar dama ce ta tsinke.

Kafin faɗuwar, matashin mai shekara 25 ya riga ya ci wa Indiana Pacers maki tara cikin 'yan mintuna. Bayan an fitar da shi, abokan wasansa sun yi ta maza har zuwa hutun rabin lokaci, amma daga ƙarshe Oklahoma City Thunder ta yi nasara da ci 103 da 91, ta ɗauki kofin.

Abin da ya sa lamarin ya tsaya wa mutane a rai shi ne, kowa ya san Haliburton ba lafiyayye ba ne ya shiga filin. Tun a wasa na biyar ya samu rauni a tsokar sharaɓar wannan ƙafar. Da a tsakiyar kaka ne, da hutu za a ba shi. Amma kofi na gabansa, sai ya zaɓi ya buga.

Daga baya ya bayyana cewa bai yi da-na-sani ba, kuma da za a maimaita zai sake bugawa. Kuɗin da ya biya shi ne kaka guda cur a waje.

Nan take tsohuwar gardama ta dawo sabuwa: mene ne jarumta a ƙwallon kwando, kuma wa ke biyan kuɗinta?

Zamanin da ake cin kofi da gwiwar hannu

Duk wanda ya taɓa sauraron tsofaffin 'yan wasan NBA a talabijin ya san ƙorafinsu. Sukan ce yaran yanzu ba su da ƙashi, da an taɓa su sai alƙalin wasa ya busa.

Ma'auninsu shi ne Detroit Pistons ta ƙarshen shekarun 1980, wadda ake wa laƙabi da Bad Boys, wato miyagun yara. Ƙarƙashin kociya Chuck Daly, 'yan wasa irin su Bill Laimbeer da Rick Mahorn da Dennis Rodman sun mayar da ƙasan kwando tamkar dandalin kokawa.

Har tsari na musamman suka yi wa Michael Jordan: a rufe shi mutum biyu ko uku, idan kuma ya kutsa zai tashi sama, a tabbatar ya ji a jikinsa kafin ya sauko.

Dabarar ta yi aiki. Pistons ta fitar da Chicago Bulls sau uku a jere, a 1988 da 1989 da 1990, ta kuma ci kofi a 1989 da 1990.

Jordan bai tsaya kai ƙara ba. Ya koma ɗakin ɗaga ƙarfe ya ƙara tsoka, a 1991 kuma Bulls ta share Pistons da wasa huɗu babu ko ɗaya. Haushin da ke tsakaninsu ya kai ga 'yan Detroit sun fice daga fili saura daƙiƙoƙi a tashi, ba tare da yawancinsu sun miƙa wa kowa hannu ba.

A wannan zamanin ne kuma Isiah Thomas ya yi abin da har yau ake ba da labari. A wasa na shida na ƙarshen gasar 1988, ya yi mummunan targaɗe a idon sawu, amma ya dawo yana ɗingishi ya kammala kashi na uku da maki 25 a ragar Los Angeles Lakers.

Irin waɗannan labaran ne suka gina tunanin cewa gwarzo shi ne wanda ke bugawa ko da jikinsa na cewa a'a.

Yadda hukumar gasar ta sauya wasan

Sai dai wannan salon yana da nasa mugun gefen. A 1977 naushin da Kermit Washington ya yi wa Rudy Tomjanovich ya farfasa masa ƙasusuwan fuska, har ya kusa rasa ransa.

A watan Nuwamban 2004 kuma, a filin Pistons, rikici ya tashi daga cikin fili ya hau wurin 'yan kallo, inda 'yan wasan Indiana suka ba hamata iska da magoya baya. An dakatar da Ron Artest har ƙarshen kakar, abin da ya sa ya rasa wasa 86.

Hukumar NBA ta ga cewa kasuwarta na cikin haɗari. Tun a 1990 ta tsaurara hukunci kan ƙeta mai haɗari. Daga kakar 2004 zuwa 2005 kuma alƙalai suka fara hana mai tsaro dafa abokin karawarsa da hannu a nesa da kwando.

Sakamakon a bayyane yake. A kakar 2003 zuwa 2004, matsakaicin abin da ƙungiya ke ci a wasa bai kai maki 94 ba. Shekara ashirin bayan haka ya haura 114. A watan Janairun 2024 kaɗai, Joel Embiid ya ci maki 70 a wasa guda, kwana huɗu bayan nan Luka Doncic ya ci 73.

Wasan taurari na 2024 ya ƙara wa masu suka ƙarfin gwiwa. An tashi 211 da 186, babu wanda ya damu da tsaron gida, kamar ana atisaye. Abin ya ba hukumar kunya har ta sauya fasalin wasan a shekarar da ta biyo baya.

Shin da gaske 'yan wasan yanzu ragwaye ne?

A nan ne ya kamata a yi adalci. Dukan ya ragu, amma gudun ya ƙaru.

A farkon shekarun 1990, ƙungiya ba ta cika yin jifan nesa mai maki uku sau goma a wasa ba. A kakar 2024 zuwa 2025 matsakaicin ya haura 37, Boston Celtics kuwa tana yin kusan 48.

Ma'anar wannan ita ce, mai tsaro ba zai ƙara tsayawa a ƙasan kwando yana jiran wanda zai buge ba. Dole ya ruga kusurwa, ya ja birki, ya juya, ya sake rugawa, sau da dama a hari guda. Ƙato mai tsawon ƙafa bakwai ma yanzu sai ya bi ƙaramin ɗan wasa har bakin layin nesa.

Wannan tsayawa da tashi na gaggawa a kan gwiwa da agara yake sauka. A zagayen fitar da gwani na 2025 kaɗai, manyan taurari uku ne agararsu ta tsinke: Damian Lillard na Milwaukee a watan Afrilu, Jayson Tatum na Boston a watan Mayu, sai Haliburton a watan Yuni.

Ita kanta Thunder da ta ci kofin amsa ce ga masu cewa tsauri ya mutu. Ta yi nasara a wasa 68 cikin 82, kuma ƙarfinta a tsaro yake. Lu Dort da Alex Caruso da Cason Wallace ba sa barin mai ƙwallo ya numfasa.

A wasa na bakwai da Denver Nuggets, Caruso ne aka ɗora wa Nikola Jokic, mutumin da ya fi shi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, kuma ya takura shi. Jalen Williams kuwa da yagaggiyar jijiya a wuyan hannu ya buga zagayen gaba ɗaya, ya ci maki 40 a wasa na biyar da Indiana, sai bayan an ɗaga kofi aka yi masa tiyata.

Wanda ya kalli waɗannan wasannin da wuya ya ce babu zafi a NBA ta yau.

Hutu ko gudun aiki?

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne batun hutar da taurari alhali lafiyarsu ƙalau.

A 2012 kociyan San Antonio Spurs, Gregg Popovich, ya tura Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili da Danny Green gida gabanin wasa da Miami Heat da za a nuna a faɗin ƙasar. Shugaban gasar na lokacin, David Stern, ya ci tarar ƙungiyar dala 250,000.

Amma abin da aka hukunta a 2012 ya zama abin koyi a 2019. Toronto Raptors, ƙarƙashin shugabancin Masai Ujiri wanda ya taso a Zariya, ta riƙa lallaɓa Kawhi Leonard, ya buga wasa 60 kacal cikin 82. Da aka zo zagayen fitar da gwani ya fito da ƙarfinsa, ya ciyo wa ƙungiyar kofinta na farko.

Sauran ƙungiyoyi suka ce ashe haka abin yake. Mai kallo kuma, wanda ya tara kuɗi ya sayi tikiti don ya ga tauraro guda, sai ya tarar da shi zaune a benci cikin kayan gida.

Gidajen talabijin ma ba su ji daɗi ba, kuma su ne masu kuɗin. Sabuwar yarjejeniyar nuna wasannin da NBA ta ƙulla da Disney da NBC da Amazon ta kai kimanin dala biliyan 76 na shekara 11.

Saboda haka a 2023 aka kawo dokoki biyu. Ta farko ta tanadi tara ga ƙungiyar da ta hutar da tauraro ba bisa ƙa'ida ba, daga dala 100,000 a karon farko. Ta biyu ta ce sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin ya cancanci manyan kyaututtuka, ciki har da gwarzon kaka da shiga jerin zaratan gasar.

Gyaran da ya zo da nasa ciwon

Matsalar ita ce, waɗannan kyaututtukan suna ɗaure da albashi. Haliburton da kansa misali ne. A kakar 2023 zuwa 2024, shiga jerin zaratan gasar na nufin ƙarin fiye da dala miliyan 40 a kwantiraginsa. Ya ji rauni a cinya a watan Janairu, ya dawo da wuri, kuma ya fito fili ya soki dokar. Ya kammala da wasa 69, ya samu shiga jerin.

Wato dokar da aka yi don hana lafiyayye zama, tana iya tura mai rauni cikin fili.

Kuma ba yau aka fara ganin ƙarshen irin wannan ba. A 2019 Kevin Durant ya dawo daga raunin sharaɓa don ya ceci Golden State Warriors a wasa na biyar da Toronto. Bai wuce minti 12 a fili ba agararsa ta tsinke, ya rasa kaka guda.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A 2021 gwiwarsa ta lanƙwashe baya a wasa da Atlanta, har aka ɗauka kakarsa ta ƙare. Mako guda bayan nan ya dawo, ya kuma ci maki 50 a wasan da ya bai wa Milwaukee kofinta na farko cikin shekara 50.

Giannis da Durant da Haliburton shawara iri ɗaya suka yanke. Ɗaya ya zama abin yabo, biyu suka tafi ɗakin tiyata. Bambancin ba a zuciya yake ba, a jiki ne da kuma ƙaddara.

Wace ce jarumtar gaskiya?

Akwai hoton da masoya wasan ba sa mantawa: Kobe Bryant a watan Afrilun 2013, agara a tsinke, ya tako ya jefa ƙwallo biyu na hukunci, duka suka shiga, sannan ya fita da ƙafarsa.

Akwai kuma wata irin dauriya da ba ta da jini ko ɗingishi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, yakan buga wasa yana azumin Ramadan. A watan Fabrairun 1995, wanda ya zo daidai da azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata na gasar.

A 2018 kuma DeMar DeRozan da Kevin Love sun fito sun yi magana kan damuwa da firgicin da suke fama da su, a sana'ar da aka saba ɗaukar irin wannan magana a matsayin rauni. Bayan haka NBA ta wajabta wa kowace ƙungiya samar da ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Haka nan akwai layi tsakanin zafin wasa da rashin kamun kai. Draymond Green na cikin fitattun masu tsaro na zamaninsa, amma a ƙarshen 2023 an dakatar da shi wasa biyar saboda shaƙe Rudy Gobert, ba a jima ba aka sake dakatar da shi saboda dukan Jusuf Nurkic a fuska, ya rasa wasa 12 ƙarƙashin hukuncin. Ƙungiyarsa ce ta yi asara.

Abin da ke gaban hukumar gasar

Tambayar da NBA ke kauce wa ita ce yawan wasanni. Kocin Warriors, Steve Kerr, na cikin masu cewa wasa 82 sun yi yawa ga irin gudun da ake yi yanzu. Amma rage wasa na nufin rage kuɗin shiga, kuma kusan raba-daidai ake yi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, don haka babu ɓangaren da ke gaggawar sa hannu.

Muddin ba a taɓa jadawalin ba, nauyin zai ci gaba da sauka a kan mutum guda. Idan ya zauna a ce masa rago, idan ya buga ya karye a ce ganganci ya yi.

Ɗan wasan da ya kai wasa na bakwai na neman kofi da wuya ya ce ba zai buga ba, domin wannan ranar ya yi wa tanadi tun yana yaro. Shi ya sa alhakin cewa a'a ya fi rataya a wuyan likitoci da shugabannin ƙungiya, waɗanda su ma kofin suke so.

Hausawa na cewa jiki magayi. A kakar 2025 jiki ya yi magana sau uku a gaban duniya, saura a ga ko masu tsara gasar sun saurara.