Jami'ar Zuru da tsadar buga bincike: Wa zai karanta abin da aka gano a Ribah?

A shekarar 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta ɗaga darajar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru zuwa jami'a. Manoman Ribah, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, inda dawa da masara da kiwo ke riƙe da gidaje, suna da dalilin sa rai cewa malamanta za su binciko abin da ke cin amfanin gona da dabbobinsu. Sai dai a jami'o'in Najeriya ba a lissafa bincike sai an buga shi a mujallar kimiyya, kuma da yawan maƙalun da malami ya buga ake auna ƙarin girmansa.

A nan gizo ke saƙar. Manyan mujallun duniya ko dai su karɓi kuɗi daga mai karatu, ko daga marubuci. A 2020 mujallar Nature ta sanar da cewa mai son a buɗe maƙalarsa ga kowa kyauta zai biya Yuro 9,500. Ko matsakaiciyar mujalla mai neman Dala 1,000 ta yi wa ƙaramin malami nisa tun da aka saki darajar Naira a Yunin 2023. A 2024 wannan kuɗi ya haura Naira miliyan ɗaya da rabi, wato fiye da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 har na wata ashirin. Ba a ma zancen kuɗin shiga ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba domin tattara bayanai.

Wanda wa'adin ƙarin girma ya ƙure wa, sai ya faɗa hannun mujallun bogi, masu karɓar kuɗi kaɗan su buga komai cikin kwanaki ba tare da ƙwararru sun tantance ba. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wa mujallu 304 maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai, 157 suka karɓa. Sakamakon da ya fito ta irin wannan hanya, ko da gaskiya ne, ba wanda zai dogara da shi wajen ba manomi shawara.

Akwai mafita a gida. Rumbun AJOL na intanet yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, ciki har da ta likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma asusun TETFund yana tallafa wa buga mujallu. Amma kwamitocin ƙarin girma sun fi fifita waɗanda ke cikin jerin Scopus, alhali editocin waje sukan ga binciken gonar Ribah a matsayin lamarin yanki ɗaya kawai.

Sabuwar jami'a kamar ta Zuru tana da damar da tsofaffin ba su da ita, domin al'adarta ba ta riga ta daskare ba. Majalisar malamanta na iya ware kuɗin buga maƙalu, ta fitar da sunayen mujallun da ba za ta amince da su ba, sannan ta ba da maki mai tsoka ga malamin da ya mayar da sakamakon bincikensa Hausa ko Dakarci ya miƙa wa malaman gona.