Jirgin Dayspring Da Tarihin Hausawan Ikko: Aikin Wa Ne?

Sau da yawa za ka ji ana cewa Hausawan Agege baƙi ne, jiya-jiya suka zo. Ni kuwa ra'ayina shi ne, mai faɗin haka bai san labarin wani jirgin ruwa na Turawa mai suna Dayspring ba, kuma mu ɗaliban Hausa muna da kaso a laifin wannan rashin sani.

Ga yadda abin yake. A shekarar 1854 wani likita ɗan Birtaniya, William Baikie, ya shigo kogin Kwara daga bakin teku a cikin jirgin Pleiad, mai tafiya da iska da kuma injin tururi, ya bi Binuwai yana auna ruwa yana zana taswira. Saboda shan kwinin, babu wanda zazzaɓi ya kashe a tafiyar. Wannan ya ƙarfafa wa Turawa gwiwa, sai a 1857 suka sake turo shi a cikin Dayspring, tare da Samuel Ajayi Crowther da wani hafsan sojan ruwa, John Glover. A wannan karon jirgin ya yi karo da dutse kusa da Jebba ya fashe, mutanensa suka yi kusan shekara guda a bakin kogi kafin jirgin Sunbeam ya zo ɗaukarsu.

To, ina ruwan Ikko da jirgin da ya fashe a Jebba? Fashewar ce ta sa Glover ya bi ta ƙasa zuwa Ikko, a hanya kuma ya saba da bayin da suka tsere, masu jin Hausa. Da ya sami mulkin Ikko, a 1863 ya ɗebi irin waɗannan mutane ya kafa rundunar da aka yi wa laƙabi da Hausawan Glover. Sun yi yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, kuma daga gare su ne rundunar sojan Nijeriya take lissafa asalinta. Ashe ke nan masu jin Hausa suna zaune a Ikko kusan shekara 50 kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya ƙara buɗe hanyar fataucin goron da ya raya Zangon Agege.

Wani zai ce, ai wannan tarihin 'yan mulkin mallaka ne, me zai sa mu ɗauke shi namu? Gaskiya ne jirgin bai zo don alherinmu ba. Taswirar da ya zo zanawa ta share wa 'yan kasuwar Turawa hanya, sojan da aka fara da Hausawan Glover kuma su ne suka bunƙasa har aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Amma ɗacin magani ba ya hana shansa. Idan muka ƙi labarin don yana da ɗaci, mun bar shi ke nan a bakin Turawa, su kuwa sunayen hafsoshinsu suka fi adanawa. Tafintoci da 'yan dako da sojojin da suka yi wahalar fa?

Akwai kuma abin da ya fi taɓa ni, da yake ni ba da Hausa aka yi mini tashi ba, koyonta na yi. Da yawa daga cikin waɗanda Turawa suka kira Hausawa a rundunar ba Hausawa ba ne a haihuwa. Harshen ne ya haɗa su, kamar yadda yake haɗa Banufe da Babarbare da Bazabarme a kasuwar Agege.

Don haka shawarata ita ce, maimakon kowace shekara mu riƙa maimaita nazari a kan littattafai guda biyu ko uku, wasunmu su ɗauki rakoda su shiga Agege da Idi-Araba da Obalende, su zauna da dattawa, su naɗi tarihin gidaje da waƙoƙin soja da kalmomin bariki da na fataucin goro. Wannan aikin masu jin harshen ne, kuma tsofaffin ba za su jira mu ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Allah ya sa mu dace, amin.