Hatimin Azurfa: Kariya ga Dukiya da Lafiyar Jama'a

A damunar bara wata gwaggona da ke zaune a wani ƙauye kusa da Kibiya ta ciro mundayenta guda biyu daga ƙasan adaka, ta ba ɗanta ya kai Rano ya sayar domin a biya kuɗin asibitin jikarta. Shekara ashirin tana ajiye da su, tana ganin ta yi tanadi. Dillalin da aka kai wa ya juya su, ya goga a dutse, ya ce ba azurfa ba ce. Da aka kawo mini su sai na kai ɗakin gwaji. Munduwa ɗaya ta yi nauyin giram 84, da na tsoma ta a kwalbar awo kuma ta ɗaga ruwa da mililita 9.6, wato kowace mililita tana da nauyin giram 8.75. Azurfa zalla kuwa giram 10.5 take yi. Nauyin ya yi daidai da na gamin jan ƙarfe da tutiya da nikel, wanda ake kira azurfar Jamus alhali babu ko ɗigon azurfa a cikinsa. Abin takaici, a jikin munduwar an buga lambar 925 raɗau.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a samar da dokar da za ta hana kiran wani abu azurfa sai an gwada shi, an buga masa hatimin da wani zai ɗauki alhakinsa.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya kakanninmu suka yi ba tare da irin wannan doka ba? Amsar ita ce suna da ma'auni, ko da ba su rubuta shi ba. Maƙeran fari na wancan zamani kuɗi suke narkawa. Liyari, wato dalar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, nauyinta giram 28 ne, kuma kashi 83.3 daga cikin 100 azurfa ce. Haka nan sulallan da Turawan mulki suka fara bugawa don Afirka ta Yamma a 1913, kashi 92.5 daga cikin 100 azurfa ne. Idan mace ta kai liyari biyar maƙera, ta san abin da ta bayar, ta kuma san abin da za ta karɓa. A 1920 aka fara rage azurfar sulalla, sannan aka koma buga su da tagulla. A yau maƙeri guntayen ƙarfe yake saye a hannun wanda shi ma bai san asalinsu ba, ga kuma kayan kanti da ake shigowa da su, kowane da lambarsa.

Ma'anar lambar 925 ita ce, a cikin kashi 1,000 na nauyin abu, 925 azurfa ce, sauran 75 kuma galibi jan ƙarfe ne da ake ƙarawa don ta yi ƙwari, saboda azurfa zalla laushi gare ta. A Ingila tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya yi dokar cewa sai an gwada kayan azurfa an buga musu tambarin kan damisa kafin a sayar. Dokarsu ta 1973 ta haramta sayar da abin da ya kai giram 7.78 da sunan azurfa sai da hatimin ɗaya daga cikin ofisoshin gwaji huɗu da ke Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh. Hatimin yana nuna wanda ya kai kayan gwaji, da yawan azurfar, da ofishin da ya gwada. Sirrin abin shi ne, mai gwaji daban, mai sayarwa daban.

A matsayina na malamin kimiyyar halittu, abin da ya fi damuna shi ne ƙarafan da ake cusawa a madadin azurfar. Nikel yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin gumi, ya ratsa fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo. Daga nan sai ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya ko a kunne, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙinsa, har abada ne. Kadmiyum, wanda ke cikin wasu nau'o'in ƙarfen liƙi, hayaƙinsa yana lahanta huhun maƙerin kansa, yana kuma taruwa a ƙoda shekara da shekaru. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan ado a 2011. Sai dalma, wadda ta fi kowanne haɗari ga yara, domin hanjinsu yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na manya, ta je ta daƙushe ƙwaƙwalwa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Can daga niƙan dutsen zinariya dalmar ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda jariri zai tsotsa idan ya sa awarwaro mai dalma a baki. Dalma kuma ta fi azurfa nauyi, giram 11.3 a mililita, don haka mai ha'inci zai iya gama ta da ƙarfe marar nauyi ya yaudari gwajin ruwa irin wanda na yi.

Wasu za su ce doka za ta kashe ƙananan maƙera, tunda ba su da halin kai kaya gwaji. Ni gani nake rashin doka ne ke kashe su. Maƙerin da ya yi aiki da azurfa ta gaskiya ba zai iya gasa da mai sayar da jabu a rabin kuɗi ba, matuƙar mai saye ba ya iya rarrabewa. Wasu kuma za su ce ai hatimin ma za a yi na jabu. Haka ne, amma a ranar da aka kama shi akwai laifin da za a tuhumi mutum da shi.

Aikin yana da matakai uku. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, ita ya kamata ta ƙayyade matakan azurfa da iyakar dalma da kadmiyum. Masarautar Rano kuma, ta hannun shugabannin maƙera, za ta iya buɗe littafin da kowane maƙeri a Rano da Kibiya da Bunkure zai sa alamarsa. Mu kuma na jami'a mu ɗauki nauyin gwaji, domin akwai na'urar hannu mai aiki da hasken eksire da ke bayyana ƙarafan da ke saman abu cikin daƙiƙoƙi ba tare da ta ɓata shi ba.

Kafin wannan ya tabbata, mai saye ya nemi a auna masa kaya a gabansa, a rubuta nauyi da sunan mai sayarwa a takarda. Kada baƙin da azurfa ke yi ya tsorata shi, domin ta gaskiya ma tana yin baƙi idan ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska. Uwa kuma ta nisanta kayan adon da ba ta san asalinsa ba daga bakin ɗanta. Gwaggona dai akuyarta ta sayar ta biya asibiti, mundayen kuma suna nan a teburina ina nuna wa ɗalibai.