KUNNEN MAKO: Kalangun da aka datse wa harshe

A wannan sati za mu ajiye zancen tsadar hatsi, mu leƙa wani ɗan ɗaki a garin Magarya, inda wani saurayi ke haɗa kiɗa da kwamfuta. Abin da ya kai ni can shi ne kukan wani ɗan kasuwar Dungas mai sayen riɗi da gujiya, wanda ya biya aka yi masa tallar rediyo ta sakan 30. Da ya saurara sai ya ce mini: "Malam, akwai kalangu a ciki, amma ba ya cewa komai." Da na kasa kunne, sai na tarar da gaskiyarsa.

Ga yadda aikin yake. A yau mai son waƙar biki ko ta talla ba dole ne ya tara makaɗa ba. Ana ɗaukar bugu guda na kalangu, ko busa guda ta algaita, a ajiye cikin kwamfuta. Wannan gutsuren sauti shi ne masu jin Faransanci ke kira échantillon, kuma manhaja ce ke maimaita shi duk inda aka sa mata alama. Saurayin namu yana aiki da FL Studio, ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda aka sani da FruityLoops kafin a sauya mata suna a 2003. Tambayar da ke gaban duk mai wannan sana'a guda ce: gutsuren nan, yaushe ya kamata ya yi shiru?

A da, ƙarancin wurin ajiya ne ke yanke hukunci, domin na'urar SP-1200 da ta fito a Amurka a 1987 sakan 10 kacal take iya riƙewa. Yanzu wuri ya yalwata, hukunci ya koma kunnen mai aiki, kuma hanyoyi uku ne a hannunsa.

Ta farko ita ce linzamin sauti. Idan aka bar manhajar yadda ta zo, gutsure yakan yi ta kuka har ƙarshensa, ko da gajeriyar alama aka sa masa. Sai an kunna linzamin ne yake bin tsawon alamar, sannan a faɗa masa yadda zai taso, da yadda zai tsaya, da yadda zai dusashe. Ta biyu ita ce a umurci sabon bugu ya kashe wanda ya gabace shi, domin kada su hau kan juna. Ta uku ita ce ja ko matsewa. Kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, bugu huɗu sakan 2. Wanda ke da gutsuren sakan 4, ya ninka saurinsa domin ya shiga wannan gurbi, muryar za ta haye sama ta koma siririya kamar ta yaro, sai fa in ya zaɓi irin matsewar da ke barin murya inda take.

To, ina laifin ya faɗa? Manhajar tana raba kowane bugu gida huɗu, saurayin kuwa ya datse kalangun daidai da gida guda, wato kashi 1 cikin 8 na sakan, saboda aiki ya yi kyan gani a allon kwamfuta. An ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya kamata ya kori gani. Maganar kalangu ba a saukar makaɗi kaɗai take ba. Bayan an buga, mai kiɗa yakan matse tsarkiya a hammata ko ya sake ta, sauti ya hau ko ya sauka, ta haka yake kwaikwayon karin harshenmu. Wanda ya saurari kalangan marigayi Mamman Shata, da ya rasu a 1999, ya san abin da nake nufi. Wanda ya datse wannan wutsiya ya bar ƙara, ya zubar da magana. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda tsawon wasali kaɗai ne ya raba garin da muke zaune da garin da ake tuƙa tuwo.

Gyaran bai ci minti 10 ba. Aka sakar wa kowane bugu wutsiyarsa, aka kuma sa sabo ya riƙa kashe tsoho, domin kalangu guda ba ya furta murya biyu a lokaci ɗaya. Nan take Alhajin Dungas ya ce yanzu ya ji ana kiran sunansa.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, ko ma'aikacin da aka ɗora wa shirya sanarwar rigakafi ko ta rajistar yara a lakwal, kafin ka cika kuɗin aiki ka nemi abu uku. Ka sa a kunna maka kiɗan shi kaɗai ba murya, ka ji ko yana magana. Ka tambaya ko an matse sanarwar ne domin ta shiga sakan 30; in haka ne, gara a rage kalmomi da a shaƙe su. Sannan ka tambayi hannun da ya yi bugun asali, ko an sallame shi, domin bugu guda da aka ɗauka a wurinsa zai yi ta aiki shekaru, shi kuwa yana zaune babu gayyar biki.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.